Abincin Guangdong: Tambayoyi da Amsoshi Kan Girkin Bakin Tekun Kudancin Sin

Duk wanda ya taɓa zuwa Guangzhou saro kaya ya ga shagunan da aka rataye gasassun agwagi a bayan gilashi, ya kuma ga gidajen abincin da ke da akwatunan ruwa cike da kifi mai rai a bakin ƙofa. Da yawa daga 'yan kasuwarmu kan wuce su, su nufi unguwar Xiaobei inda suka san abin da za a zuba musu. Amsoshin da ke ƙasa na wanda yake son sanin abin da ake dafawa a can ne, da wanda zai iya ci, da wanda zai iya girkawa a gida.

Wane abinci ake nufi idan an ce abincin Guangdong?

Guangdong lardi ne a kudancin ƙasar Sin, yana fuskantar teku, babban birninsa Guangzhou, wanda Turawa suka daɗe suna kira Canton. Sinawa kan lissafa manyan salon girki guda 8 a ƙasarsu, na Guangdong yana cikinsu, kuma shi ake ci a Hong Kong da Macao. Daga 1757 zuwa 1842 Guangzhou ce kaɗai tashar da aka yarda jiragen Turawa su yi ciniki a cikinta, kuma yawancin Sinawan da suka fara ƙaura zuwa Amurka da Ingila daga wannan yankin suka fito. Shi ya sa abin da duniya ta fara sani a matsayin abincin Sin, na Guangdong ne.

Rassa uku gare shi. Akwai na Guangzhou da garuruwan bakin kogin Zhujiang, irin su Shunde, garin da ya yi suna wajen fitar da masu girki, har UNESCO ta sa shi cikin biranen girki a 2014. Akwai na Chaoshan a gabas, wato Chaozhou da Shantou, mutanen teku ne sosai. Sai na 'yan Hakka, mazauna tsaunukan wajen Meizhou, waɗanda abincinsu ya fi gishiri da nauyi.

Me ya sa ba ya da yaji? Na ɗanɗana na ji kamar an manta da kayan miya.

Ba a manta ba, da gangan ne. Mai girkin Guangdong yana ɗaukar cewa kifin da aka kama yau da kazar da aka yanka da safe suna da nasu gardin, aikinsa shi ne kada ya binne shi. Idan aka ga an cika wa kifi barkono da tafarnuwa a can, mai ci kan fara zargin cewa kifin ya kwana. Kayan da ake dogara da su kaɗan ne: ɗanyar citta, lawashin albasa, tafarnuwa, soya sos, man gyaɗa, ɗan sukari, farin masoro, busasshen ɓawon lemo na Xinhui, da baƙin waken soya da aka ruɓar da gishiri, wanda a aiki ya yi kama da daddawa. Sai miyar kawa, wato wani abin teku mai ɓawo biyu da ake dafawa har ruwansa ya yi kauri ya yi duhu. Kamfanin Lee Kum Kee ya fara sayar da ita a Nanshui a 1888.

Da yake kayan ɗanɗanon ba su da yawa, babu abin da zai rufa wa mai girki asiri. Minti biyu da suka wuce kima a kan wuta sun isa su lalata kwano guda.

Yaya ake turara kifi irin nasu?

Wannan shi ne girkin da ya kamata kowa ya fara da shi, domin babu abin haram a ciki, kuma madambaci da faranti sun wadatar. A can sun fi son kifin teku mai suna shiban, amma karfasa tana yi sosai, haka ƙaramin giwan ruwa. Tarwaɗa ba ta dace da wannan salon ba saboda kitse da yauƙinta.

A nemi kifi guda mai nauyin giram 500 zuwa 700, wanda bai kwana ba. A kankare shi, a cire kayan ciki, sannan a kula da abu biyu da mutane ke bari: baƙar fatar da ke shimfiɗe a cikin cikinsa, da daskararren jinin da ke bin ƙashin baya. Yawancin ƙarni daga nan yake fitowa. A goge su tas, a tsane kifin da tsumma mai tsabta. Idan bayansa yana da kauri, a tsaga shi ta gefen ƙashin baya domin zafi ya shiga daidai. Kada a barbaɗa gishiri tun da wuri. Yana janye ruwan naman ya taurara shi.

A shimfiɗa sandunan lawashi uku ko huɗu a faranti, a ɗora kifin a kai yadda tururi zai ratsa ta ƙasa, a sa yankan citta a ciki da sama. Sai ruwan madambaci ya tafasa sosai kafin a sa farantin. A rufe, wuta a sama, minti 8 ga kifi mai giram 600, a ƙara kamar minti 1 ga kowane ƙarin giram 100. Kada a buɗe murfi a tsakani. Idan lokaci ya cika, a soka tsinke a wurin da ya fi kauri: in ya shige har ƙashi babu turjiya, ya nuna.

A zubar da ruwan da ya taru a farantin duka, a kwashe tsohuwar cittar da lawashin. A rufe kifin da sabuwar citta da lawashi da aka yanka siri-siri. A ɗora man gyaɗa babban cokali 3 har ya fara hayaƙi kaɗan, a kwarara a kai. Dole a ji ƙarar suya. Daga ƙarshe a haɗa soya sos cokali 3, ruwa cokali 2, sukari ƙaramin cokali 1, a ɗumama, a zuba ta gefen farantin, ba a kan kifin ba.

Inda ake samun matsala: idan naman ya yi tauri yana rabewa kamar zare, ya wuce lokaci. Idan ya yi laɓo-laɓo, ko dai kifin ya kwana, ko an sa shi tun ruwa bai tafasa ba. Idan ana jin ƙarni, an bar ruwan farantin. Idan lawashin yana warin ɗanye, man bai yi zafi ba.

Kazar nan fara da ake ci da sanyi, dafaffiya ce kuwa? Na ga ja a ƙashinta.

Ana kiranta bak cit gai, kuma mutanen Guangdong kan ce babu kaza, babu walima. Dafaffiya ce, sai dai ba a tafasa ta. Jan da ake gani yawanci ɓargo ne, kuma masu sayarwa a can suna ɗaukarsa alamar cewa ba a wuce lokaci ba. A gida mun fi son a bi ma'auni: cinya ta kai digiri 74 a ciki, ruwan da ke fita idan an soka ya zama fari tas.

A sami kaza matashiya mai kilo 1.2 zuwa 1.5. Sun fi daraja kazar Qingyuan, mai yawo a fili. Kazar gida tamu ta fi ta gona gardi, amma tsohuwa ba za ta yi laushi da wannan dahuwar ba. A tafasa ruwan da zai rufe ta, kamar lita 4, da citta da lawashi. A riƙe ta ta wuya, a tsoma, a ɗago har ruwan cikinta ya zube, a maimaita sau uku. Dalilin shi ne ruwan da ya fara shiga cikinta yana hucewa nan da nan. Idan ba a sauya shi ba, waje zai nuna ciki yana ɗanye. Sai a nutsar da ita, a rage wuta har ruwan ya daina tafasa, yana ɗan motsi kawai, wajen digiri 85 zuwa 90, a bar ta minti 30 zuwa 35.

Daga tukunya sai cikin ruwan ƙanƙara, minti 15. Wannan sanyin ne ke tsayar da dahuwa, ya ɗame fata, ya kuma daskarar da ɗan romon da ke tsakanin fata da tsoka. Wanda ya tsallake shi zai sami fata mai saɓulewa. A tsane ta, a shafe ta da ɗan man gyaɗa, a bari ta huce sarai kafin a sara. Idan da ɗumi aka sara, naman yana wargajewa.

Mahaɗinta shi ne rabin daɗin: citta giram 50 da aka daka, lawashi giram 50 da aka yanka ƙanana, gishiri ƙaramin cokali 1, a zuba musu mai mai zafi mililita 60. Ruwan dahuwar kuma a dafa shinkafa da shi.

Mene ne dim sum, kuma yaya ake zaman cinsa?

Ƙananan abinci ne iri-iri da ake kawowa uku-uku ko huɗu-huɗu a kwandunan gora, ana ci ana shan shayi daga safe zuwa azahar. Zaman kansa ana ce masa yum cha. Tsoffin gidajen shayi irin su Tao Tao Ju, na 1880, da Lianxiang Lou, na 1889, suna nan a Guangzhou har yau.

Waɗanda ba a rasawa a tebur: har gow, jatan lande a cikin fata mai sheƙi da ake hango abin da ke ciki, siu mai, buɗaɗɗen ƙunshi na naman alade da jatan lande, cheung fun, ƙullun shinkafa da ake turarawa fale-fale a naɗe da nama ko jatan lande, char siu bao, farin burodin tururi mai gasasshen alade a ciki, lo mai gai, shinkafa mai danƙo da kaza a ƙunshe cikin ganyen lotus, ƙafar kaza da aka soya, aka jiƙa, aka turara da baƙin wake, da ƙaramin kek na ƙwai.

Shayin ba madara ba sukari, yawanci pu'er ko tieguanyin. Ana fara zuba wa na kusa kafin a zuba wa kai. Wanda aka zuba wa kan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu a maimakon godiya. Idan buta ta ƙare, a ɗage murfinta a bar shi a karkace, ma'aikaci zai gane ya ƙaro ruwan zafi.

Na gwada har gow, fatar ta tsattsage. Me ya jawo?

Kusan kullum ruwan ne. Ba da fulawa ake yin fatar ba, da sitacin alkama ne giram 100 da sitacin rogo giram 35, kuma ruwan da za a zuba, kamar mililita 150, dole ya kasance yana kan tafasa a lokacin da ya taɓa garin. Sitaci ba ya da danƙon fulawa. Zafin ne ke dafa shi rabi ya sa ya haɗe. Ruwa mai ɗumi kawai zai ba da ƙullu mai marmashi. A juya da sauri, a rufe minti 5, a sa mai ƙaramin cokali 2, a murza har ya yi santsi. A riƙa rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma, domin iska na busar da shi cikin mintuna. Ana baje shi da gefen faffaɗar wuƙa da aka shafa wa mai.

Abin ciki: jatan lande giram 250 da aka wanke da gishiri aka tsane sosai, tohon gora giram 50, gishiri, sukari, farin masoro, man riɗi da ɗan sitaci. A sa a firji kafin a ƙunsa. A turara minti 5 zuwa 6 a wuta mai ƙarfi, a bari ya sha iska minti 1 kafin a ɗauka, in ba haka ba zai manne ya yage. Wuce minti 7 kuma yana narkar da fatar.

Ni Musulmi ne. Ina alade da giya suke ɓoyewa a wannan abincin?

A wurare da yawa, kuma ba a ganinsu da ido. Abu na farko: a takardar abincin Sin, idan aka rubuta nama, 肉, ba tare da an ambaci dabba ba, alade ake nufi. Char siu, siu mai, tsiran lap cheong da ake ɗorawa a shinkafar tukunyar ƙasa, da ƙunshin wonton da ake sa wa a romo, duk alade ne. Wannan a fili yake.

Na ɓoye sun fi yawa. Har gow na gargajiya ana sa masa ɗan kitsen alade domin ya yi laushi, ko da sunansa jatan lande. Ɓawon kek ɗin ƙwai da yawancin kayan fulawarsu da man alade ake murza su. Romon da ake zuba wa taliya da ganye yawanci an dafa shi da ƙashin alade ko busasshiyar cinyarsa. Miyar XO, wadda aka ƙirƙiro a Hong Kong a shekarun 1980, ta ari sunanta daga wata giyar Turawa da ba a sa ta a ciki, amma galibi akwai busasshen naman alade. Awarar Hakka da alade ake cusa ta. Giyar shinkafa kuwa ana ɗiga ta a suya da jiƙon nama kusan ba tare da tunani ba. Sannan kaza, agwagwa da naman sa na gidan abincin da ba na Musulmi ba, ba yankan Musulunci ba ne, kuma kasko ɗaya ake amfani da shi.

Alamar da za a nema a ƙofa ita ce 清真, ana karanta ta qingzhen, ita ce halal a Sin. Haruffan da za a kiyaye a jikin kwalba ko takarda: 猪 alade, 猪油 man alade, 酒 giya. Yawancin shagunan qingzhen na Guangzhou na Musulmin arewa maso yammacin Sin ne, masu taliyar Lanzhou da gasasshen rago. Halal ne, amma ba girkin Guangdong ba ne. Mai son ainihin girkin yankin a halal ya nemi gidan abincin Huimin Fandian a Guangzhou, a tsohon gari, ɓangaren da masallacin Huaisheng yake. A Hong Kong kuma akwai ɗakin cin abinci a cikin masallacin Ammar da ke Wan Chai, inda ake yin dim sum na halal. A lokacin baje kolin Canton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, wuraren nan kan cika, gara a je da wuri.

Game da kaguwa, jatan lande da kawa, mazhabar Malikiyya ta halatta abin da ke rayuwa a teku, Hanafiyya kuwa ta taƙaita ga kifi. Soya sos da aka ruɓar yana iya ɗaukar ɗan burbushin barasa, don haka a sayi mai tambarin halal. A girkin gida, ruwan citta da ɗan romon kaza suna kashe ƙarni a madadin giya, cinyar kaza kuma tana karɓar jiƙon char siu da kyau.

Me ya sa fatar gasasshiyar dinyarsu take ƙaras-ƙaras haka?

Saboda aikin kwana guda da aka yi kafin ta ga wuta. Ana zuba kayan ƙamshi da miya a cikin cikinta a ɗinke da ƙarfe. Ana hura iska tsakanin fata da tsoka domin su rabu, kitse ya sami hanyar narkewa. Ana kwarara mata tafasasshen ruwa fata ta ɗame, a shafe ta da ruwan sukarin malt da ruwan tsami, sannan a rataye ta a gaban fanka sa'o'i da yawa har fatar ta bushe kamar takarda. Sai a gasa ta a rataye. Garin Gujing na Xinhui ya yi suna da gashi da itacen lici, wata bishiyar kayan marmari. Ana ci da miyar plum mai tsami-tsami domin ta yanke maiƙo.

Fatar da ba ta bushe ba ba za ta taɓa yin ƙaras ba, tururi za ta yi. Dabbare-dabbaren launi kuma yana nuna an shafa sukarin a kan fata mai maiƙo. Da agwagwa ana iya bin hanyar a gida, a busar da ita a firji a buɗe dare guda.

Taliyar shinkafa da naman sa da na soya ta dagargaje ta zama tuwo. Ina kuskuren?

Gon cau ngau ho ke nan, kwanon da ake gwada sabon mai girki da shi. Taliyar faffaɗa ce, ta samo sunanta daga Shahe a Guangzhou. Abin da ake nema shi ne ɗan ƙamshin babbaka da ke fitowa idan mai da soya sos suka taɓa kasko mai tsananin zafi, suna ce masa wok hei. Murhun gidan abinci ya ninka na gida ƙarfi sau da yawa, don haka dabarar gida ita ce rage yawa: kada taliyar ta wuce giram 250 a suya ɗaya. Idan aka cika kasko, zafinsa ya faɗi, taliyar ta fara fitar da ruwa, ta manne.

A yanka naman sa giram 100 fale-fale, a gicciye da jijiyar naman. A jiƙa shi minti 20 da soya sos ƙaramin cokali 1, sitacin masara ƙaramin cokali 1, ruwa babban cokali 1, ɗan mai, da bekin soda ɗan mitsitsi a bakin cokali. Idan ya yi yawa naman zai yi ɗanɗanon sabulu. A warware taliyar da hannu ɗaya-ɗaya. Wadda ta fito daga firji tana karyewa, a ɗan turara ta tukuna. A zafafa kasko har ya yi hayaƙi kafin a sa mai. A soya naman minti 1 a kwashe. A baza taliyar, a bar ta daƙiƙa 30 ba taɓawa, sannan a juya ta da sanduna ko a girgiza kaskon, ban da dannawa da ludayi. A zuba soya sos mai haske cokali 1 da mai duhu rabin cokali ta gefen kasko, a mayar da nama, a sa tsiron wake da lawashi, minti 1, a sauke. Idan aka cinye aka ga mai kwance a faranti, an yi masa yawa.

Faten shinkafa da romonsu fa?

Faten, juk, shinkafa kofi 1 ne ga ruwa kofi 10 zuwa 12. A wanke shinkafar, a cuɗa ta da ɗan mai da gishiri ta yi minti 30, a zuba a ruwan da ya riga ya tafasa, a bar ta tana tafasa a hankali awa 1 zuwa 1 da rabi har ƙwayar ta fashe ta haɗe da ruwan. Yankan kifi ko naman sa ana sa su ne a minti na ƙarshe.

Romon da suke kira lo fo tong ana barinsa a wuta awa 2 zuwa 4, da kaza ko ƙashi, da abubuwa irin su karas, masara, busasshen ɓawon lemo da jan dabinon Sin, wanda ɗan'uwan magarya ne. A fara tafasa naman daga ruwan sanyi minti kaɗan a zubar da ruwan, shi ke hana romo yin duhu. Gishiri sai a ƙarshe. Mai ciwon gaɓɓai irin na gawut ya rage shansa, doguwar dahuwa tana tara abin da ke tayar da ciwon.

Shinkafar tukunyar ƙasa kuwa darajarta a ƙanzo take: idan ruwa ya tsotse, a ɗora kaza, a ɗiga mai ta gefen murfi, a rage wuta, a riƙa karkata tukunyar kowane gefe ya sha zafi.

Me Chaoshan da Hakka suka fi shahara da shi?

Chaoshan: dinya mai babban kai ta Chenghai da ake dafawa a romon soya da kayan ƙamshi, kifin da ake dafawa da ruwan gishiri a kwando a ci da sanyi da miyar waken Puning, kawa da aka soya da ƙwai da sitacin dankali, da naman sa da aka yanka ranar, ana tsoma kowane yanki a tafasasshen romo daƙiƙa kaɗan. Ƙwallon namansu da sandunan ƙarfe ake dukansa har ya zama ƙullu, shi ya sa yake tsalle a haƙori. UNESCO ta sa Chaozhou cikin biranen girki a 2023.

Hakka: kazar da ake naɗewa a takarda a binne cikin gishiri mai zafi. Gishirin ba ya ratsa takardar sosai, zafi yake riƙewa daidai ta kowane gefe.

Gaskiya ne suna cin ɗanyen kifi? Babu haɗari?

Gaskiya ne, Shunde ta shahara da shi, kuma akwai haɗari. Kifin kogi da na tafki na ɗauke da tsutsar hanta mai suna Clonorchis sinensis, wadda ta yi yawa a Guangdong da Guangxi, tana zama a hanyar matsarmama shekaru, tana kuma iya kai wa ga ciwon daji. Ruwan tsami, citta ko tafarnuwa ba sa kashe ta, dahuwa ce ke kashe ta. Ɗanyar kaguwar Chaoshan da ake jiƙawa a soya sos ita ma a bar ta. Miyar fiffiken kifin shark kuma ba mu ba da shawarar saye: tana ƙarar da kifin, ɗanɗanon duk na romon ne, har gwamnatin Sin ta hana ta a liyafar hukuma a 2013.

Akwai kayan zaƙi mai sauƙi da zan gwada yau?

Madarar citta ta Shawan, a gundumar Panyu ta Guangzhou. Abu uku ne: madara mai cikakken kitse mililita 200, sukari giram 15, da ruwan ɗanyar citta tsohuwa babban cokali 1. A can da madarar ɓauna ake yi, ta fi ta saniya kauri. A goga cittar a matse a lokacin da za a yi aiki da ita, a zuba a ƙaramin kwano. A ɗumama madara da sukari zuwa digiri 70 zuwa 75. A motsa farin sitacin da ya kwanta a ƙasan ruwan cittar, a kwarara madarar a kai daga ɗan sama a zubi ɗaya, a rufe, kada a juya, kada a motsa kwanon minti 10.

Wani sinadari ne a cikin ɗanyar citta ke daskarar da madarar, kuma ba ya jure zafi. Idan madarar ta haura digiri 80 ya mutu, idan ta yi ƙasa da 60 ba ya aiki da sauri, duka biyun madara mai ruwa za a samu. Ruwan cittar da ya jima a ajiye da busasshiyar citta su ma ba sa kama ta. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya sauke madarar da zarar ƙananan kumfa sun fito a gefen tukunya, ya juye ta tsakanin kofi biyu sau huɗu ko biyar kafin ya zuba. Idan ta kama daidai, ƙaramin cokali zai zauna a samanta bai nutse ba.